Yaran da ke tsara kiɗa tun ba su kai shekara goma ba

Duk wanda ya kalli bidiyon Alma Deutscher a YouTube sai ya riƙe baki. Ƴar Ingila ce, an haife ta a 2005, tana shekara 6 ta tsara kiɗan fiyano nata na kanta, tana 10 ta gama opera sukutum, irin wasan kwaikwayon nan da ake rerawa da waƙa, aka nuna shi a Biyana, babban birnin Austriya, ƙarshen 2016. Ita da bakinta ta ce tana wasa da igiyar tsalle ne sautin ke faɗo mata a ka. Sai kowa ya ce baiwa ce, kuma wallahi baiwa ce, amma a duba wanda ke tsaye bayan yaron.

Mozart, shahararren mai tsara kiɗan Turawa da ake kwatanta ta da shi, an haife shi a Salzburg, cikin Austriya ta yau, a 1756, ubansa Leopold makaɗin gogen Turawa ne a fadar garin, har littafin koyon goge ya fitar a wannan shekara. Yaron yana shekara 5 ya fara ƙago ƴan gajerun kiɗa, hannunsa bai iya rubutawa ba tukuna, uban ne ke zama ya rubuta masa cikin littafin darasin yayarsa Nannerl. Da babu wannan zaman da sun bi iska. A 1763 uban ya kwashi iyali a keken doki sama da shekara uku suna zaga Turai, Munich, Paris, Landan, yaran har ciwo mai tsanani suka yi a hanya, kuma a Landan ɗin ne Mozart yana shekara 8 ya rubuta kiɗansa na farko na babbar ƙungiyar makaɗa.

Nannerl ce ke ci min rai. Tare suke hawa dandali, ita ma gwana ce, sarakuna sun tafa mata, amma da ta kai 18 aka ce ta isa aure ta zauna gida, ƙanen ya ci gaba da tafiya da uban. A wasiƙunsa ƙanen ya yaba kiɗan da ta tsara, yau ko ɗaya bai rage ba, ko ɗaya fa.

To mu nan Yamai fa? Ka bi kartiye da marece ka ga yaro ya kife bidon tsakanin ƙafafu, gwangwanin tumatir a gefe, yana fidda kiɗan da babba ma sai ya yi da gaske, abin da zai ji shi ne kai bar damun mutane, maroƙi za ka zama? In mace ce ma ba a magana. Ƴaƴan gidan makaɗa kaɗai ke samun abin da Mozart ya samu, yaro na rataye da kuntukuru yana bin ubansa mai kalangu gidan biki, kunne na buɗewa tun bai shiga lakwal ba. Sauran sai dai su bari.

Alhali muna da cibiyar koyon kiɗa ta El Hadj Taya a nan cikin gari, ga gasar Ɗan Gurmu da aka san Tawa da ita. Ɗiyar ƙanwata in ta ji waƙa sau ɗaya a rediyo sai ta maido ta daidai har da inda mai gurmi ya sauya hannu, na yi magana da uwarta, ta ce sai abin da babanta ya ce, shi nake jira ya dawo daga tafiya mu zauna.