Fargabar Ranar Tantancewa: Abin da Aikin Tallafi Ya Koya Mini

Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna wadda ke ba da ɗan tallafin wata-wata ga tsofaffi, da matan da mazajensu suka rasu suka bar su da marayu, da masu lalurar nakasa. Cikin aikina akwai zama da masu karɓar tallafin lokaci-lokaci domin a sake duba halin da suke ciki, akwai kuma raka su idan wani shirin gwamnati ya kira su tantancewa. A wannan zama ne na fahimci cewa fargabar da ke kama mutum kafin ganawar takan yi masa ɓarnar da ta fi ta tambayoyin, domin ita ce ke sa shi ba da amsar da ba ta dace da gaskiyar rayuwarsa ba, kuma amsar da ya bayar ita ake rubutawa.

Wannan fargaba tana da dalili, shi ya sa ba na yarda a riƙa kallonta a matsayin rashin wayewa. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta fara biyan gidajen da ke cikin rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa naira 5,000 a wata, wadda aka riƙa haɗawa ana ba su 10,000 duk bayan wata biyu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka sanar da sabon shiri na naira 25,000 a wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin domin bincike, da aka dawo da biyan kuma sai da sharaɗin a tabbatar da kowane mai karɓa ta lambar ɗan ƙasa ta NIN ko lambar banki ta BVN. Ga mai tsara manufofi wannan gyara ne da ake buƙata domin a fitar da sunayen bogi. Tsohuwar da ke Rigasa ko Hayin Banki kuwa abin da ta gani shi ne kuɗi sun tsaya, sannan aka ce a zo tantancewa, sai ta haɗa biyun a ranta ta ɗauka duk kira irin wannan share fage ne na cire suna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ce wa irin wannan baiwar Allah ta kwantar da hankalinta ba ya rage komai, domin abin da take tsoro ya taɓa faruwa da ita ko da maƙwabciyarta.

Fargabar takan karkatar da amsa ta fuska biyu, kuma wadda ta fi yawa a wurinmu ita ce wadda mutanen ofis ba su cika zato ba. Ana tsammanin mai neman tallafi zai ƙara wa talaucinsa gishiri, alhali yawancin dattawanmu rage shi suke yi saboda kunya da son rufin asiri. Wata dattijuwa da ke riƙe da jikoki marayu ta zo ganawa sanye da atamfa mai kyau da mayafin da daga baya na ji na maƙwabciyarta ne, domin a ganinta ba a zuwa gaban hukuma da tsumma. Da na tambaye ta sau nawa ake cin abinci a gidanta, sai ta ce: “Alhamdulillahi ’yar nan, muna cikin rufin asirin Allah.” Wannan amsa gaskiya ce a wurinta, kuma amsa ce ta mutunci, amma takardar da ke gabana lamba take nema, kuma ma'aikacin da ke sauri zai iya rubuta uku ya wuce. Sai na ce: “Inna, jiya da daddare me aka ɗora a wuta?” Ta ɗan yi shiru tana murza bakin mayafin, sannan ta ce sauran tuwon shekaranjiya aka ɗumama wa yara, ita kuma ta sha ruwa ta kwanta. Tun daga nan nake faɗa wa mutanenmu kafin su shiga kowace ganawa cewa godiya ga Allah ba ta hana faɗin abin da aka ci jiya, kuma mai tambayar ba ya cikin dangi ko surukai balle a ji nauyinsa.

Ɗaya fuskar ita ce ta waɗanda jita-jita ta riga ta koya wa abin da za su ce. A layin jira ake yaɗa cewa duk wanda aka ga yana da wayar hannu, ko aka ji ɗansa yana tuƙa Keke Napep, za a cire shi. Sai mutum ya ɓoye wayar a ƙugu, ya ce ba shi da kowa, can kuma a tsakiyar hira ya ambaci ɗan da ke kawo masa masara. Saɓanin da ke tsakanin maganganun biyu shi ke jawo shakku, alhali da ya faɗi gaskiya tun farko, cewa ɗan yana da nasa iyalin kuma abin da yake kawowa ba ya kai mako, da an rubuta haka an wuce.

Akwai kuma abubuwan al'ada da ke kama da rashin gaskiya a idon wanda bai san su ba. Mace ’yar gargajiya ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, don haka idan aka ce ta lissafa mutanen gidanta sai ta tsallake babban, ko ta yi ta kewaye-kewaye tana cewa “mai gidan” da “yaron nan”, ma'aikacin kuma ya ɗauka tana ɓoye wani abu. Haka batun shekaru yake. Da yawa daga cikin tsofaffinmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, kuma idan aka matsa musu sai su jefo kowace lamba don su tsira, ta zo ta saɓa da wadda ke kan katinsu. Na koyi tambayarsu ta hanyar abin da suka shaida: ko sun yi wayo lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ko an yi musu aure kafin canjin hannun tuƙi na 1972 ko bayan canjin kuɗi na 1973 da aka bar fam aka koma naira. Da zarar an kawo irin wannan hira sai ka ga kafaɗun mutum sun sauka, domin an tambaye shi abin da ya sani sarai. Shawarar da nake ba su ita ce su zo da wani na gida, jika ko ƙanwa, wanda zai iya furta sunayen da su ba za su furta ba, kuma a duba shekarar da ke kan takardar NIN tun a gida.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne cewa abin da ke tsayar da biyan mutane galibi ba shi ne abin da suke kwana suna tunani ba. Suna tsoron a ce ba su cancanta ba, amma abin da na fi gani yana kawo cikas shi ne saɓanin rubutu. Mace tana A'ishatu a rajista, Aisha a banki, Indo a bakin mutanen unguwa. Namiji yana Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, ko an sa sunan mahaifinsa a gurbin nasa. Wata kuma layin wayar da ta yi rajista da shi na ɗanta ne da ya tafi Abuja neman kuɗi, saƙon yana zuwa can ba ta sani ba. Waɗannan duk ana iya gano su kafin ranar. Daga layin da aka yi rajista da shi, danna *346# yana nuna lambar NIN, *565*0# kuma yana nuna BVN, kowace lamba 11 ce, kuma ana cire ɗan kuɗi kaɗan daga katin waya. Idan sunayen sun saɓa, gyaran yana hannun NIMC, hukumar da ke bayar da lambar NIN, ko bankin mutum, yana kuma cin lokaci da kuɗi, don haka gara a fara da wuri. Na lura cewa wanda aka zauna da shi aka jera takardunsa a leda ɗaya aka karanta masa abin da ke jikinsu yakan samu barci a daren, saboda damuwarsa ta koma aikin da yake iya yi da hannunsa.

Na'urar ɗaukar hoton yatsa ma tana da nata tashin hankalin. Hannun da ya shekara yana surfe da wanki da noma zanen yatsunsa kan shafe, hunturu ya ƙara busar da shi, lalle kuma ya ƙara dagula lamarin. Idan na'urar ta ƙi karɓa, tsohuwa sai ta ɗauka asirinta ne ya tonu ko an riga an cire ta, hannun ya kama rawa, abin ya ƙara ƙin yiwuwa. Shafa yatsan a goshi ko a ɗan jiƙa shi yakan wadatar, in ya ƙi a gwada wani yatsan. Muna roƙon mata su dakata da ƙunshi idan ranar ta matso. ’Yan fanshon tarayya da ke ƙarƙashin hukumar PTAD sun samu sauƙin layi tun da aka buɗe musu hanyar tabbatar da cewa suna raye ta waya a 2023, sai dai ga wanda bai iya wayar zamani ba, fargabar ta tashi ne daga layi ta koma kan neman wanda zai amince ya danna masa.

Game da jiki kuwa, abubuwan da ke taimakawa ƙanana ne. Mutane kan fito da asuba ba su karya ba don su kama layi, masu hawan jini da ciwon suga su bar maganinsu a gida, zuwa hantsi jiri ya kama su, su kasa tuna ko shekarun jikokinsu. Muna ce musu su karya, su sha magani, su riƙe ruwa. Idan ƙirji ya fara bugawa, jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali fiye da yadda aka ja yana saukar da shi, kuma da yawa sukan haɗa wannan da tasbihi ko addu'ar da suka saba, Musulmi da Kirista. Suna da damar cewa a maimaita tambaya, ko a yi ta da Hausa, ko su ce ba su sani ba, wanda ya fi ƙirƙirar amsa. Yana kuma rage nauyi idan mutum ya san cewa wanda ke gabansa da kwamfutar hannu mai ɗaukar bayani ne kawai, hukuncin a wani wuri ake yanke shi, don haka ɗaure fuskarsa gajiya ce. Amma idan rashin barci da faɗuwar gaba suka ɗauki makonni, mutum ya daina cin abinci ko ya riƙa maganar gajiya da rayuwa, lamarin ya wuce na tantancewa, sai a kai shi asibitin unguwa, in ta kama a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, duk da nauyin da mutane ke ji na ambaton wurin.

Masu damfara sun san wannan fargaba sarai. Da an ji ana tantancewa sai kiraye-kiraye su fara, wani ya ce daga ofishin tallafi yake, a karanto masa lambar sirrin katin banki ko lambar da aka turo ta saƙo don kada a cire suna, wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa a ba da na goro ya shigar da takarda. Ba a neman lambar sirri a tantancewa ta gaskiya, kuma mai hankalin da zai gane haka a ranar da yake cikin natsuwa yakan miƙa ta a ranar da yake cikin tsoro.

Ba na yi wa kowa alkawarin cewa sunansa zai tsira, domin ana cire wasu, wani lokaci bisa dalili, wani lokaci bisa kuskuren rubutu, kuma wanda aka yi wa daɗin baki aka cire shi ba ya ƙara yarda da kowa. Abin da nake tabbatarwa shi ne kada ya tashi daga kujerar sai ya tambayi lokacin da za a ji sakamako da wurin da ake kai koke, ya kuma karɓi wata shaida ta cewa ya halarta in ana bayarwa. A ganina rabin wannan fargaba ofisoshi ne ke haifar da ita da irin kiran da suke yi, saƙo guntu cikin Turanci da ke cewa a zo ranar kaza ba tare da bayani ba. A ƙungiyarmu mun koma aika kiran da Hausa, ta bakin mai unguwa ko shugabar mata idan mutum ba ya karatu, ana faɗin abin da za a tambaya, da takardun da za a riƙo, da cewa an yarda a zo da ɗan rakiya. Abin da har yanzu ya fi ƙarfinmu shi ne kuɗin mota da na gyaran suna, domin wadda aka ce ta je ta daidaita harafi biyu a takardarta sau da yawa sai ta ci bashi kafin ta isa ofishin da ake gyaran.