Yadda muke tace hasashe kan sirrin shiri mai dogon zango

A majalisarmu ta Tudun Wada, nan Kaduna, ba a karɓar hasashen kowa a kan shiri mai dogon zango sai ya zo da kashi da minti. Wanda ya ce Alhajin da aka ce ya mutu a haɗarin mota yana nan da ransa, ko ya ce yaron nan ba ɗan gidan ba ne, sai ya nuna inda ya gani. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, daga baya kuma irin waɗannan shirye-shirye suka cika YouTube, masu hasashe sun yawaita. Akasarinsu da abin da suka tuna suke aiki, alhali bayan zango huɗu ko biyar mutum yakan rantse ya ji maganar da ba a taɓa furtawa ba.

Don haka littafi muke ajiyewa, kowane shafi da gida biyar: zango, kashi, minti, wanda ya yi maganar, da waɗanda ke wurin lokacin da ya yi ta. Gida na biyar ya fi kowanne amfani. Idan a zango na shida uwargida ta ambaci sirrin da aka faɗa a zango na biyu ba ta ɗakin, to ko dai wani ya kai mata, ko marubuci ya manta. Rabe waɗannan biyun shi ne aikin gaba ɗaya.

Ma'auninmu shi ne kyamara. Abin da darakta ya dasa da gangan, kyamara takan matso ta tsaya a kansa daƙiƙa biyu ko uku, sau da yawa har sautin kiɗa ya sauya, kuma yakan sake bayyana a wani kashin. Abin da ya gifta sau ɗaya a bayan ɗan wasa, kusan kullum kuskuren ɗauka ne. Masu shiri ba sa bin jerin labari wajen ɗauka. Idan sun karɓi aron gida, duk fitowar da ta shafi gidan sukan ɗauke ta a 'yan kwanaki, ko da a labari wata shida ne tsakani. Shi ya sa za ka ga lallen hannun amarya bai dushe ba bayan an ce ta haihu, ko ciyawa shar a bayan gida alhali ana maganar sanyin hunturu. Mun sha yar da hasashen da aka gina a kan irin wannan.

In takarda ce aka nuna, wasiƙa ko sakamakon asibiti, kallo a ƙaramin ingancin hoto na 360p ba ya wadatarwa, rubutun dusu-dusu yake fita. A ɗaga zuwa 720p ko 1080p na wannan mintin kaɗai saboda data, a rage gudu zuwa 0.5. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyon YouTube, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoto ɗaya bayan ɗaya. A guji guntayen da ake yankowa a TikTok, domin sukan haɗa fitowa biyu da ba su da alaƙa.

Inda na fi ganin masu hasashe suna tuntuɓe shi ne fiƙihu, kuma abin yana damuna, don yawancin sirrin shirye-shiryenmu a kan gado, aure da nasaba yake. Wani zai ce amarya ce ta kashe Alhaji don ta kwashe dukiya. To, matan mamaci, ko su huɗu ne, tumuni suke rabawa idan ya bar ɗa, rubu'i idan bai bari ba, kuma wanda aka tabbatar ya yi kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai da yardar sauran. Saboda haka idan ana neman mai cin moriyar mutuwar, a duba ɗan'uwan mamaci, wanda ɗa namiji ke katange shi daga gado. Shi ne ke da dalilin jefa shakku a kan nasabar yaron. Haka batun wanda ya ɓace: a mazhabar Malikiyya matarsa takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali, sannan ta yi takabar wata huɗu da kwana goma. Idan marubuci ya sa ta shiga takaba nan take ba a nuna gawa ko jana'iza ba, muna rubuta sunan mijin cikin waɗanda za su iya dawowa. Cikin da aka haifa ƙasa da wata shida da ɗaurin aure kuwa, ba a jingina shi ga mijin, don haka ƙidayar watanni a littafi ba ɓata lokaci ba ce.

Akwai giɓin da ba na labari ba ne. Ɗan wasa yakan bar shiri, sai a tura shi karatu Masar ko a kawo wata fuskar da suna ɗaya. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa a cire fitowa, maganar da ke bayanta ta rasa tushe. Kafin mu ɗauki ɓacewar wani a matsayin sirri, sai mun bincika ko har yanzu ɗan wasan yana cikin shirin.

Kowane hasashe muna rubuta shi da kwanan wata kafin sabon zango ya fara, tare da abin da zai rusa shi. Misali, idan aka nuna an yi wa gawar wanka a gaban danginsa, hasashen dawowar Alhaji ya faɗi, a ja masa layi da jan biro. Wanda mai shi ya kasa faɗin abin da zai ƙaryata shi, ba ma shigar da shi littafin.