Gudawar yara a wannan bazara

Iyaye mata na Daura, don Allah ku saurara. Da zafin Afrilu ya tsananta, layin asibiti cika yake da yara masu gudawa, kuma abin da ya fi damuna shi ne jin uwa ta ce "ai haƙori ne yake fitarwa", alhali idon yaron ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, bakinsa ya bushe. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro.

Ki narka fakitin ORS, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu shi, ruwan leda biyu lita ɗaya ce: ki zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe, ba tozo. Nan ake yawan kuskure. Sukari in ya yi yawa gudawar ƙaruwa take, gishiri in ya yi yawa cutar da yaron yake. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar. Nono kam kada a yanke.

Sai ƙwayar zinc, ɗaya kullum kwana 10 zuwa 14, rabi ga ɗan ƙasa da wata 6. Flagyl ɗin kemis a bar shi sai likita ya rubuta.

Jini a kashi, ƙin shan komai, ko yaro ya langaɓe, a tafi asibiti ko tsakar dare ne.