Famfon da ke jan mutum

Ina shekara ta biyu da fara koyon wayarin a Gusau, cikin hunturu, aka kira mu wani gida a Tudun Wada. Hajiyar gidan ta ce duk sanda ta taɓa famfon banɗaki sai ta ji ya ja ta, har yara sun fara gudun wanka. Maigidana ya ɗora tasta a kan famfon, nan take ta kawo wuta. Da muka buɗe hitar bango, sai ga wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa don kada ta ja mutum, mai kore da ruwan ɗorawa, an datse ta an naɗe da salatif. Wanda ya yi aikin ya ga ruwa na zafi, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Na ce, "Oga, to me ya hana bireka faɗuwa?"

Ya ce, "Yaro, bireka waya take tsarewa kada ta ƙone. Kafin ta faɗi, mutum ya riga ta."

Wannan maganar ce ta sa na shiga bin yadda wasu ƙasashe ke yi. A Ingila ƙarfin wutarsu bolt 230 ne kamar namu, fulogin ma iri ɗaya, mai ƙafa uku. Amma makunnin fitilar banɗaki ko dai igiya ce da ake ja daga silin, ko a sa shi a waje. Soket kuwa ba ya kusantar wurin wanka, sai na injin aski mai nasa taransifoma. Suna kuma sa RCD, na'urar da ke yanke wuta da zarar 'yar wuta kaɗan, miliamfiya 30, ta zurare. Amurkawa, masu 120, suna sa soket daf da wurin wanke hannu, sai dai tun 1975 dokarsu ta wajabta GFCI a banɗaki, wata na'ura irin RCD, mai yankewa a wajen miliamfiya 5.

Mu fa? Mun gaji fulogin Ingila, tsantseninsu kuwa mun baro shi can. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hitar bokiti: mutum ba takalmi, daɓe a jiƙe, ya tsoma yatsa ya ji ko ruwa ya yi zafi.

Yanzu duk gidan da na kama, sai na kafa ƙarfen ƙasa da zurfi, na zuba gawayi da gishiri saboda ƙasarmu na bushewa ƙamas da rani, makunni kuma a bakin ƙofa ta waje. In maigida ya ce RCD ta yi tsada, nakan rage kuɗin aikina a saya. Inna ma sai da na zauna da ita har ta saba zare fulogi kafin ta taɓa ruwan.