Jirgin da ya zo Damagaram cikin akwatuna

Ni bakanike ne, injin mota na sani, da shi nake ci a garejina da ke Zango. Aikin jirgin sama ya same ni ne ta hannun wani maigidana, tsohon matuƙi da ya ajiye aiki ya dawo gida Damagaram. Ƙaramin jirgi mai kujera biyu ya saya daga kamfanin Sling na Afirka ta Kudu, amma ba haɗaɗɗe ba. A akwatunan katako babbar mota ta sauke mana shi: fallayen alminiyom, ƙunshin ƙusoshi, da littafin zane mai kaurin gaske.

Da na ɗaga falle guda na ji ba nauyi, sai na ce, "Alhaji, ai wannan gwangwani ne." Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai bi littafi. Basirarka ka bar ta a gareji."

Haka kuwa aka yi. Kowane falle ya zo da lambarsa, an riga an huda shi a masana'anta, rami na faɗawa kan rami ba tare da an tilasta ba. Ƙusoshin irin na matsewa ne, waɗanda masu haɗa tagogin alminiyom suka sani, sai dai nan dubbai ne, kuma duk wadda ta karkace sai an fitar da ita. A gareji muna ɗaure noti har hannu ya ce ya isa. A nan kowane noti da awonsa, ka ɗaure da sifana mai ma'auni, ka rubuta, ka sa hannu. Lokacin hunturu muka fi shan wuya, don ƙura na kwanciya tsakanin fallaye, dole a goge kafin a haɗe.

A cikin aikin na gane inda cinikin kamfanin yake. Ana yawan ba da labarin yadda Mike Blyth da James Pitman, mutanen kamfanin, suka zagaya duniya a 2009 da jirgin Sling, kuma lalle wannan ya tallata su. Amma a ganina abin da ke riƙe da kasuwarsu shi ne mutum irina, a nesa da su haka, ya buɗe akwati ya tarar komai ya cika. Sai kuma injin. Rotax ne, ƙirar Ostiriya, yana shan fetur na mota in dai mai kyau ne. Man jirgi na musamman wuyar samu gare shi a nan, amma fetur kam, matatar mai ta SORAZ na kusa da mu tun 2011.

Sana'ar ba ta da tabbas. Kamfanin Van's na Amurka, wanda daga zanensa aka haɗa jiragen koyo na Air Beetle a Kaduna, ya yi shekaru yana kan gaba wajen sayar da jirgi cikin akwati. Duk da haka a Disamba 2023 sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi, bayan an samu tsagewa a wasu sassan da aka yanka da hasken leza.

Game da gaba, Sling ya koma ga masu kujera huɗu, har da mai fiffike a sama. Wannan na yaba, don duk wanda ya san ranar watan Afrilu a garin nan ya san darajar inuwa. Wasu kuma lantarki suka nufa. Kamfanin Pipistrel na Sulobeniya ya samu izinin Turai a 2020 kan jirginsa mai lantarki, Velis Electro, amma cajinsa kamar minti 50 yake yi a sama. Ko Maradi ba zai kai ka ba, balle Yamai da ke kusan kilomita 900 ta hanyar mota. Jirgi ne na koyar da ɗalibai, a bar shi a haka tukuna.

Namu dai an ɗaura fikafikai, an tayar da inji a ƙasa. Saura masu bincike na hukumar sufurin sama su zo daga Yamai su duba takardunmu, kafin a rubuta masa lambar rajistar Nijar, mai farawa da 5U, a jiki. Alhaji ya ce da sassafe za a fara gwada shi, tun iska ba ta yi zafi ta rage masa ƙarfin tashi ba. Ni kuma na fara sa yaran garejina rubuta duk abin da suka kwance.