Kada Ku Raba Dajin Jamaika da Mutanen da Suka Fake a Cikinsa

Ƙannena masu yin adashi don ku fita ganin duniya a ayari, idan Jamaika kuka nufa, ku ba ni aron kunnuwanku. Na taɓa jagorantar irin wannan ayari zuwa gabashin tsibirin, kuma babban kuskurena tun a gida na tafka shi, a kan takarda. Na raba jadawalin tafiyar gida biyu: a nan duwatsu da koguna da magangarun ruwa, a can tarihi da al'adun baƙar fata. Na ba wa daji ranaku, na ba wa mutane sa'o'i. Sai da muka je na gane cewa a wannan ƙasa abin ba ya rabuwa.

Ga dalili. A 1655 Ingila ta ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya. Bayin da Sifaniyawa suka bari suka haye duwatsu, daga baya waɗanda suke tserewa daga gonakin rake suka riƙa tarar da su a can. Su ne Marun. Sun yi shekaru suna gwabzawa da sojojin Ingila har Turawan suka gaji suka nemi sulhu a 1739. A yamma Cudjoe ne ke ja musu gaba, cikin wani yanki mai ramuka da tuddan farar ƙasa da ake kira Cockpit Country. A gabas kuwa akwai Quao da Nanny, matar da Jamaika ta sa cikin jaruman ƙasa, hotonta yana kan takardar dala 500 ta ƙasar. Ba yawan bindiga ne ya ba su galaba ba. Sanin daji ne. Suna lulluɓe jikinsu da ganye su tsaya cik har abokin gaba ya iso gabansu, suna aika saƙo daga tudu zuwa tudu da ƙahon sa da suke kira abeng, sun san tsiron da ake ci da wanda ke tsayar da jini. Shi ya sa da UNESCO ta sa duwatsun Blue da John Crow cikin wuraren gadon duniya a 2015, ta karɓe su ne ta fuska biyu a haɗe, halittar wurin da tarihin Marun.

Ni kuwa na ɗauko mana jagora daga garin da otal ɗinmu yake. Mutumin kirki ne, ya san sunan kowane tsuntsu, ya ba mu labarin malam-buɗe-littafin nan ƙato na duwatsun, wanda ya fi kowane girma a nahiyar Amurka. Amma mun isa Moore Town, garin Marun, da la'asar sakaliya, ƙafafu sun mutu, kowa na tunanin gado. Muka tsaya a Bump Grave, inda mutanen garin suke cewa nan aka binne Nanny, aka ɗauki hotuna, muka shige mota. Ba mu gai da Kanar ɗin garin ba, wanda shi ne shugabansu. A ƙasarmu baƙo ba ya shiga ƙauye ya zagaya kushewun magabata bai fara zuwa ƙofar mai gari ba, amma mu mun yi haka a garin mutane. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin da muka yi asara na gan shi daga baya, lokacin da wasunmu suka bi tsohuwar hanyar Cunha Cunha Pass, wadda ta ratsa duwatsu tsakanin Portland da St Thomas, tare da wani dattijo ɗan kwarin Rio Grande. Dajin da muka riga muka gani ne, itatuwan ba su canja ba, amma a bakinsa kowace kwana tana da dalili. Nan ake ɗora mai tsaro domin yana hango mai tahowa shi ba a hango shi. Wannan igiyar daji ana yanka ta a sha ruwan cikinta. Wancan ganyen na zazzaɓi ne. Saboda haka ku ɗauki jagora daga cikin garuruwan Marun ɗin kansu, Moore Town ko Charles Town ko Scott's Hall ko Accompong. Ku aika tun kafin ku taso, ku kwana a can idan da hali, kuɗinku ya zauna a hannun masu wurin. Kafin ku ɗaga waya wajen kiɗa da rawa ku tambaya, domin akwai abin da suke nuna wa baƙi, akwai na ibadarsu ta gargajiya da suke kira Kromanti, da ya shafi magabatansu wanda ba na kallo ba ne.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, domin na zuciya ne. Na tafi da wani irin ji da kai, wai ni ne ɗan Afirka na asali, na zo wa 'yan uwa da labarin gida. Duk abin da na gani sai in ce ai irin namu ne. Ku kiyayi wannan. Mutanen nan sun shekara fiye da ɗari uku suna gina tasu al'adar, da jini suka kare ta, ba jira suke wani ya sauko daga jirgi ya tabbatar musu da ita ba. Kuma abin da ya fi yawa a gadon Marun daga ƙasar Akan ta Ghana ya fito, ana jin haka a sunayen jagororinsu, har da Kromanti da ke komawa ga Kormantin, tashar bakin teku da aka riƙa lodin bayi daga cikinta. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun fi ƙarewa a Bahia ta Burazil, inda suka shirya tawaye a 1807. Mai neman Hausa a kowane kiɗan Jamaika zai dawo da ƙarya.

Wata mata ta tambaye ni, ba da faɗa ba, ta ce: ku da kuka rage a can, wa ya sayar da mu? Na yi ta kame-kame, na ɗora komai a kan Turawa. Amsar da ta dace ita ce gaskiya: Turawa suka kawo jirage da kasuwa, amma sarakuna da fatake na Afirka sun kama sun sayar, kuma ƙasar Hausa ma ta yi cinikin bayi. Ku tattauna wannan a tsakaninku tun kafin tafiya, kada tambayar ta same ku ba shiri. Su ma suna da nasu ɗacin. Yarjejeniyar 1739 ta ɗora wa Marun mayar da bayin da suka gudo daga baya, sun taimaka wajen murƙushe tawayen bayi da Tacky ya jagoranta a 1760, kuma su suka kama Paul Bogle, jagoran boren Morant Bay na 1865. 'Yan Jamaika suna muhawara a kan wannan har gobe. Ku san shi, amma ba baƙo ne zai jefe su da shi ba.

Inda muke da alaƙa ta gaske, a nan ne kuma na tafi ban yi karatu ba. An kai Musulmi masu ilimi daga Afirka ta Yamma bauta a Jamaika. Abubakar Siddiƙ, haifaffen Timbuktu, da rubutun Larabci yake riƙe lissafin ubangidansa, an 'yanta shi a 1834, ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa. Muhammadu Kaba ya rayu a wata gonar kofi a yankin Manchester na Jamaika, ya bar rubutun Larabci a kan salla. Da na san su kafin tafiya, da na tsaya a kangon gonakin nan na yi musu addu'a. Ku ba wa kowane ɗan ayari mutum ɗaya ko gari ɗaya ya karanto, ya ba sauran labari a mota.

Sai maganar ciki. Za ku ga zoɓo, suna ce masa sorrel, ransu na son sa musamman lokacin Kirsimeti, da citta a ciki kamar yadda muka saba. Sau da yawa ana zuba masa barasar rake. Na miƙa wa mutanena kofuna ban tambaya ba, sai da ɗaya ya ji warin. Gashin jerk, wanda Boston Bay ta yi suna a kansa, asalinsa naman alade ne, kuma kaza da alade kan hau waya ɗaya. Kifi ya fi kwanciyar hankali, haka abincin ital na 'yan Rasta, wanda yawanci ganye ne da wake da kwakwa ba nama. Abincin ƙasa shi ne ackee da kifi mai gishiri. Itacen daga Afirka ta Yamma aka kai shi, shi ne gwanja kusa, kuma ɗan da bai buɗe da kansa a kan bishiya ba guba ne, kada wani ya tsinko a daji ya ci. Akwai masallaci a Kingston, amma a duwatsu ku ne limaman kanku. Alƙibla tana gabas maso arewa.

Hawan ƙololuwar Blue Mountain, mai tsayin mita 2,256, da tsakar dare ake fara shi don a riski fitowar rana a sama, kuma in gari ya yi wasai ana hango Kuba. Sanyin can ba wasa ba ne, hazo da yayyafi na iya sauka a kowane lokaci. Ban tambayi kowa lafiyar gwiwarsa ko ƙirjinsa ba, na ɗauka kowa zai iya. Wani dattijonmu ya kasa a hanya, ya ji kunyar faɗa, har sai da numfashinsa ya tona. Ku tambayi kowa a keɓe tun a gida, ku tanadi wani abin ga wanda ba zai hau ba. Jirgin gora na kogin Rio Grande, wanda a da ayaba ake saukowa da ita a kansa, ya ishe shi yini mai daɗi. Kuɗin jagora da na tukuici ku tara su hannun mutum ɗaya tun farko, a rubuce.

Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, hanyoyin duwatsu na zaftarewa. Ku riƙe katin rigakafin cutar shawara, kuma ku binciki bizar ƙasar da za ku yada zango, domin Amurka tana neman biza ko da sauya jirgi kawai za ku yi. Idan kuna son bikin Accompong, ranar 6 ga Janairu ake yinsa kowace shekara don tunawa da Cudjoe da sulhun da ya ƙulla. Ranar cunkoso ce, dattawan garin ba su da lokacin kowa. Ku iso kafin ranar ko ku ƙara kwana bayanta, lokacin ne za ku samu wanda zai zauna da ku ya kuma shiga da ku cikin Cockpit Country.