Yadda shawarar Laozi ta sa na rasa kujera a Guangzhou

Lokacin da aka ba ni shugabancin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa Hausawa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na tarar da doka kan doka: tara ga wanda ya makara taro, tara ga wanda ya ƙwace wa ɗan'uwa mai saye. Ana karɓar kuɗin, rigima kuwa tana nan. Tafintan da muke zuwa masana'antu tare shi ya fara karanta mini littafin Laozi, masanin hikima na ƙasar Sin a zamanin da, mai babi 81, har muka kai babi na 60, inda ya ce mulkin babbar ƙasa kamar suyar ƙaramin kifi ne, wato yawan juyawa ke dagargaza shi. Shugaban Amurka na lokacin, Reagan, ya kawo wannan magana a jawabinsa ga majalisar Amurka a 1988, Xi Jinping ma ya kawo ta a 2013. Ni ban ɗauke ta addini ba, hikima ce na tsinta na ɗauka.

Daga Konfushiyas, wani babban malamin ƙasar Sin wanda aka haifa a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, na ɗauko wani abu. Ya ce in ka bi da mutane da doka da horo, za su iya kauce wa horon amma kunya ta fice musu. Sai na soke yawancin tarar, rigimar kuɗi ta koma gaban dattawa bayan sallar Juma'a a masallacin Abi Waƙƙas. Wannan ya tafi lafiya lau, ba sai na ja shi ba.

A watan Afrilun 2020 aka shiga korar 'yan Afirka daga gidajen haya da otel-otel saboda korona. Yaranmu sun kwana a titi da akwatunansu, ga azumi ya ƙarato. Dare da rana ina kan waya da masu gidaje, ina lallashi, ina tsaya wa mutane da sunana. Asusun ƙungiya ya biya wa marasa hali kuɗin killacewa, da ya ƙare na zuba nawa. Amma na hana a ambace ni. Ma'aji da matasa su ke kai abincin buɗa-baki, su ake gani. Babi na 17 nake bi, inda Laozi ya ce shugaba mafi kyau shi ne wanda da ƙyar jama'a suka san da shi, in aiki ya kammala su ce mu muka yi da kanmu.

Wallahi haka suka ce, ba ragi ba ƙari.

Da zaɓe ya zo, abokin takarata yana da bidiyo birjik a manhajar sada zumunta ta WeChat, yana tsaye a bakin titi yana faɗa da masu gadi. Tambaya ɗaya aka yi ta yawo da ita: ina Ciyaman yake lokacin da muke kwana a waje? Wani yaro da na samar wa ɗaki ya dube ni ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, amma mu dai ba mu gan ka ba.” Ba ƙarya ya yi ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau.

Abin da babu mai gaya maka shi ne, Laozi da sarakuna yake magana. Sarki Wen da Sarki Jing na tsohuwar daular Han ta ƙasar Sin sun bi wannan hanya, suka sassauta harajin gona har ya koma kashi ɗaya cikin talatin, ƙasa ta huta, amma ba wanda ya jefa musu ƙuri'a. Shugaban da ake zaɓa, in ya ɓoye aikinsa, wani zai zo ya tsaya a kai. Konfushiyas ya fi kusa da halinmu a nan. Da almajirinsa Zigong ya tambaye shi kan mulki, ya lissafa abinci da makamai da amincewar jama'a, ya ce a iya barin makamai, a iya barin abinci, amincewa kuwa ba a barin ta. Kuma a wurinsa ladabi ya haɗa da a gan ka da ƙafarka wurin makoki da wurin mara lafiya.

Don haka duk wanda zai gwada wannan a ƙungiya ko a gunduma, ya rage dokoki, ya daina shiga kowace ƙaramar magana, zai ga amfani. Ranar masifa kuwa ya fito da kansa, a ga fuskarsa. Kuma kowane yuan da ya fita a rubuta, a karanta a gaban taro da sunan wanda ya bayar.

Wannan na ƙarshen da zafi nake faɗar sa. Yara biyu da na tsaya musu wurin wani mai gidan haya sun koma gida da bashi a kansu. Sababbin shugabanni suka buɗe littafi, suka ce ba a rubuce yake ba, ba ruwan ƙungiya. Daga jarina na biya, kwantenar da nake shirin lodawa a damina sai bayan babbar salla ta tashi.